Yaya zan raba wa PS4 intanet ɗin laftof ɗina?

Ɗan Ƙwallo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin kwamfuta a taimaka min da shawara. Ina da PS4 irin ta farko ɗin nan mai kauri, intanet ɗin da nake da shi kuma modem ne na USB wanda sai an soka shi a jikin laftof yake aiki, ba shi da waifai nasa. Da hotsifot ɗin waya nake buga gem ɗin ƙwallo onlayin amma wlh na gaji, wayar tai ta zafi har ba ta riƙuwa, kuma da an kira ni sai wasa ya tsinke, jiya ina cin 2 da 1 saura ƙiris a tashi kira ya shigo aka rubuta min faɗuwa. Shine nace ko akwai yadda za a yi intanet ɗin modem ɗin ya bi ta laftof ya shiga PS ɗin? Windows 10 ce a kai.

Sarkin Hannu:
Wa alaikumus salam. Ai abu ne mai sauƙi ɗan uwa, Windows 10 tana da hotsifot nata na kanta. Shiga setin, wajen netwok za ka ga an rubuta Mobile hotspot, ka kunna ka sa suna da fasuwod, PS ɗin ta kama kamar yadda take kama na waya. Har na'ura 8 yake ɗauka. Minti biyu ka gama.

Malam Injiniya:
Abin da Sarkin Hannu ya faɗa yana aiki, amma in ni ne kai ba zan bi ta iska ba tunda laftof ɗin da PS ɗin duk a ɗaki ɗaya suke. PS4 ta farko waifai na 2.4GHz kaɗai take kamawa, sai daga Slim da Pro aka ƙara musu 5GHz, ita kuma 2.4 ɗin nan kowa a kanta yake, rautar maƙwabta, bulutut, kai har hannun gem ɗin da kake riƙe da shi ta bulutut yake magana da PS ɗin. Ka nemi kebul ɗin netwok, wanda ake ce wa LAN, ko ɗan gajere na mita 1 ya wadatar. Kai ɗaya a bayan PS, ɗaya a laftof. Sai ka danna maɓallin Windows da R a tare, ka rubuta ncpa.cpl ka shiga, za ka ga duk hanyoyin netwok na kwamfutar sun jeru. Ka nemo na modem ɗin, ka danna masa dama, Properties, sai shafin Sharing, ka sa alama a akwatin farko wanda yake cewa a bar wasu su hau intanet ta wannan kwamfutar, in ya ba ka zaɓi a ƙasa ka ɗauki Ethernet. A PS kuma ka je setin na netwok ka ce mata da kebul za ta haɗu, ka zaɓi Easy.

Sarkin Hannu:
Malam ni fa ban ga bambancin ba. Modem ɗin kansa ai ta iska yake jawo sabis daga turken kamfani, to meye kebul na mita 1 zai ƙara? Gudun dai ɗaya ne.

Malam Injiniya:
Gudu kam ɗaya ne, ban yi maka musu ba, kebul ba zai ƙara masa ko mega 1 ba. Amma gem ɗin onlayin ba gudu yake nema ba, abin da yake aikawa ɗan kaɗan ne, shi dai ya isa a kan lokaci kuma a jere. Ka danna fasin yanzu, saƙon ya je ya dawo cikin lokaci iri ɗaya kowane karo, shi ne daɗin wasa. In wannan ya je da wuri wancan ya makara na uku ya ɓace a hanya, shi ne kake ganin ɗan wasa ya sanƙare sai kuma ya ɓullo a wani waje. Iska tsakanin modem da turke ba yadda za mu yi da ita, dole ce. Amma ta biyun da za ka ƙara tsakanin laftof da PS kai ka zaɓa wa kanka, ga shi kuma kana da hanyar kauce mata. Sannan wasu tsofaffin modem masu buga lamba kafin su haɗu, hotsifot ɗin Windows ba ya ma ganinsu a matsayin hanyar da zai raba.

Sarkin Hannu:
Toh na ji wannan. Ni dai da hotsifot nake yi shekara da shekaru, amma PS5 ce tawa kuma a 5GHz nake sa shi, ƙila shi ya sa ban taɓa ganin matsala ba.

Ɗan Ƙwallo:
Na gode sosai. Na samo kebul wajen wani abokina na yi yadda Malam yace amma da na yi gwaji a PS layin farko ma bai wuce ba, wajen karɓar IP, wato lambar adireshinta a netwok, ya rubuta ya gaza. Kuma laftof ɗin ma yanzu ta nuna min wani saƙo ban gane ba.

Malam Injiniya:
A kan wanne ka sa alamar, na modem ko Ethernet?

Ɗan Ƙwallo:
Ethernet, tunda nan kebul ɗin yake

Malam Injiniya:
Yauwa, nan ne. Kusan kowa a nan yake fara kuskurewa don hankali abin da yake bayarwa kenan. Alamar a kan wanda yake DA intanet ake sa ta, shi ne mai bayarwa, Ethernet mai karɓa ne. Cire ta daga can ka danna OK, ka koma kan na modem ka sa. In ya zauna daidai za ka ga an ƙara kalmar Shared a ƙarƙashin sunan modem ɗin.

Tsohon Hannu:
Ku tsaya tukuna, wane irin kebul ne a hannunsa? Kwamfuta da na'ura kai tsaye ba rauta a tsakani ai sai da kebul mai juyayyen haɗi, kurosoba. Mu da muka yi wannan harkar tun zamanin Xbox 360 ta farko mun sani, ita ba ta zo da waifai a ciki ba, sai a 2010 da aka fito da siririyar sannan aka sa mata, kafin nan ko ka sayi adafta daban ko ka bi ta laftof. Na tuna na zauna da reza na feƙe kan kebul na musanya koren waya da ruwan lemo da hannuna na sake matse kan, sannan fitila ta kama. In kebul ɗin nan na gama gari ne ƙila shi ne matsalar.

Malam Injiniya:
Yaya gaskiyarka a wancan lokacin, nima na matse irinsu da yawa. Amma yanzu kafofin netwok ɗin da kansu suke gane wayar da ke aikawa da mai karɓa su juya, kuma gefe ɗaya ma in ya iya ya wadatar. Kafar PS4 gigabit ce, ba ta buƙatar kurosoba. Hanyar ganewa mai sauƙi, ya duba Ethernet a wancan shafin, in akwai jan kuros an ce ba a soka kebul ba to kebul ne ko kafa, in kuwa cewa yayi Unidentified network to kebul lafiyarsa lau, kuma haka zai ci gaba da nunawa ko komai na aiki, kar ya damu da shi.

Tsohon Hannu:
Madalla, na ƙaru. Rabona da haɗa wannan an jima.

Ɗan Ƙwallo:
Unidentified ɗin ya rubuta. Na gyara alamar kuma Shared ta fito, amma har yanzu PS ta ƙi karɓar IP, sau 3 ina gwadawa

Malam Injiniya:
To bar jiran laftof ta ba ta, mu rubuta mata da hannu. Da farko ka tabbatar Ethernet ɗin laftof ya ɗauki 192.168.137.1, danna shi sau biyu ka shiga Details za ka gani, wannan lambar Windows take bai wa kanta duk lokacin da aka kunna rabawa tun daga Windows 7, kafin nan 192.168.0.1 ce. In ka ga wata lamba mai farawa da 169.254 to rabawar ba ta zauna ba, cire alamar ka sake sawa. In daidai ne ka koma PS ka sake setin, wannan karon ka ɗauki Custom, wajen IP ka ce Manual. IP ka sa 192.168.137.2, subnet 255.255.255.0, gateway 192.168.137.1, DNS na farko 8.8.8.8 na biyu 8.8.4.4, MTU ka bar shi yadda yake, furoksi kace ba ka so. In duk da haka ta ƙi, ka duba ko kana da antibayiros mai katangar tsaro tasa daban, su ne suke yawan tare wannan hanyar.

Ɗan Ƙwallo:
Allahu akbar ta shiga!! IP yayi, intanet yayi, ta shiga PSN, wato netwok ɗin PlayStation na onlayin. Allah ya saka da alheri Malam. Sai dai a ƙasa ta rubuta NAT Type 3, da a waya ma haka take rubutawa ban taɓa kula ba, matsala ce?

Mai Gada:
Matsala ce mana, kuma wannan rabawar ta Windows ita take jawo ta. Ni shi ya sa ba na sonta. Ka cire alamar Sharing ɗin gaba ɗaya, ka zaɓi modem da Ethernet a tare, ka danna dama ka ce Bridge Connections. Gada ce kawai za ta zama, laftof ba za ta sa hannu a komai ba, PS ta karɓi adireshinta kai tsaye daga modem. In ka yi haka NAT Type 2 za ka gani.

Sarkin Hannu:
Ko ya canza DNS zuwa 1.1.1.1, na ga ana cewa yana gyara NAT yana rage ping, wato lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo

Malam Injiniya:
Sarkin Hannu wannan maganar ta yaɗu amma ba haka bane. Aikin DNS ɗaya ne, ka ba shi suna ya ba ka lamba, da an fara wasa shi ya gama nasa. Yana iya shafar sabar da za a tura ka wajen sauke gem, amma NAT ko ping na cikin fili ba ruwansa.

Mai Gada kuma maganarsa da ƙamshin gaskiya amma ban yarda da alƙawarin 2 ɗin ba. Bari in yi bayani don kar Ɗan Ƙwallo ya kwana yana wahala. NAT kamar mai gadi ne a bakin get, gida cike da mutane amma a waje adireshi ɗaya aka sani. In na ciki ya aika saƙo waje mai gadi ya rubuta, amsa ta dawo ya san na wane ne ya miƙa masa. Amma wanda ya zo daga waje haka kawai ba wanda ya aika masa, mai gadi bai san wa zai kai wa ba sai ya mayar da shi. Gem da yawa da hirar murya kuma so suke na'urarka da ta abokin wasanka su yi magana kai tsaye, kaga dole wani ya ƙwanƙwasa daga waje. Type 1 ba mai gadi sam, Type 2 akwai shi amma yana bari a shigo, Type 3 ya tsaurara. A Xbox su ne Open da Moderate da Strict, Nintendo Switch kuma da haruffa take yi daga A.

Yanzu ƙirga masu gadin da ke gabansa. Laftof ɗaya, ita ce mai 192.168.137. Modem ɗin kansa in irin mai shafin burauza ne shima rauta ce ƙarama, biyu kenan. Na uku kuma wanda ba a gani, yawancin kamfanonin layin waya ba sa ba kowane sim adireshin waje nasa, mutane da yawa suke tarawa a bayan guda ɗaya, shi ake kira CGNAT. Gada za ta cire na farko kaɗai. In na ukun ne ya tsaurara, ko ka rushe biyun nan na gida yana nan a tsaye. Kuma ka lura yace a hotsifot ɗin waya ma 3 yake gani, can ai babu laftof.

Mai Gada:
Duk da haka rage ɗaya ai ci gaba ne Malam. Ni a nawa da na yi gada daga 3 ya koma 2 nan take, da idona na gani.

Malam Injiniya:
Naka intanet ɗin na sim ne ko na waya da aka ja zuwa gida?

Mai Gada:
Na gida ne, fayiba, kwamfutar tebur ce a kan kebul na ƙara mata kati na biyu saboda rautar tana wani ɗaki

Malam Injiniya:
To kaga bambancin. Kai mai gadinka na waje dama mai sauƙi ne, laftof ko kwamfutar ce ta tsaya a tsakani ta hana PS yin magana da rauta ta UPnP ta buɗe wa kanta ƙofa, da ka cire ta sai hanya ta buɗe. A irin halinka gada ta fi, ban ja ba. Amma ya gwada, ba abin da zai lalace, in bai yi ba ya goge gadar.

Ɗan Ƙwallo:
Na gwada. PS ta samu 192.168.8.101 da kanta ba sai na rubuta ba, ta shiga, amma NAT 3 ne dai. Laftof ɗin kuma ita ta daina buɗe shafi sam. Na goge gadar na koma yadda muka yi da farko

Malam Injiniya:
Saura gwaji ɗaya mu rufe maganar. Buɗe shafin modem ɗin a burauza, tunda ya ba ka 192.168.8 to shafinsa 192.168.8.1 ne, ka nemi inda aka rubuta WAN IP. Sannan ka tambayi Google menene IP ɗinka. In lambobin biyu iri ɗaya ne akwai abin yi, sai mu buɗe ƙofofi, PlayStation tana amfani da 3478 zuwa 3480, Xbox kuma 3074 ce babbar tata. In sun bambanta, musamman in ta modem ta fara da 10 ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, to a bayan na kamfani kake.

Ɗan Ƙwallo:
Ta modem da 100.72 ta fara, ta Google kuma wata daban ce kwata kwata

Malam Injiniya:
Shikenan, CGNAT ne. Kar ka ɓata darenka kan buɗe ƙofa ko DMZ, duk wanda ka buɗe a cikin gida ne, get ɗin waje ba a hannunka makullinsa yake ba. Abin da za ka iya, ka tambayi kamfanin ko suna bayar da adireshin waje na mutum shi kaɗai, wasu suna yi wasu ba sa yi. Akwai masu bi ta VPN su raba shi zuwa PS ta wannan shafin na Sharing, wani lokaci yana sassauta NAT ɗin amma hanya ta ƙara tsawo, ping ya hau, ni a gem ɗin ƙwallo ban ga ribar ba. Kuma 3 ba ta hana wasa, duk gem ɗin da yake kan sabar kamfaninsa za ka buga lafiya, inda take ciwo shi ne neman abokin karawa ya daɗe, ko kai 3 abokinka 3 ku kasa haɗuwa ko ku kasa jin juna.

Ummin Yara:
Sannunku da ƙoƙari, ina ta bin bayanin. Dan Allah Malam in ɗan shigo da tawa. Yarana Switch gare su, inda muke zaune kuma waifai ɗin irin wanda sai shafi ya buɗe ka sa suna da lamba ne, wani lokaci shafin ya fito a Switch ɗin wani lokaci ya ƙi sai kuka. Ni MacBook ce da ni. Wannan dabarar za ta yi min?

Malam Injiniya:
Za ta yi Hajiya, irin wannan ma shi ne inda dabarar ta fi amfani, kwamfutar ce za ta shiga shafin ta sa lambar, Switch ta bi bayanta ba tare da ta ga shafin ba. A Mac ki shiga setin, General, Sharing, za ki ga Internet Sharing, sama ki zaɓi waifai a matsayin inda yake fitowa, ƙasa ki zaɓi kebul. Abu biyu ki sani. Mac ba ta karɓa ta waifai ta kuma bayar ta waifai a lokaci guda, dole fitar ta zama ta kebul, in MacBook ɗin ba ta da kafar sai kin sa adafta ta USB. Sannan mazaunin Switch na farko ba shi da kafar kebul, shima sai adafta, samfurin OLED na 2021 ne ya zo da ita a jiki. In za ki rubuta lamba da hannu ita Mac 192.168.2.1 take ɗauka. Ki kuma tambayi masu waifai ɗin ko sun yarda a ƙara na'ura ta haka, wasu wuraren suna da ƙa'ida a kai.

Ummin Yara:
OLED ɗin ce, adaftar Mac ɗin kuma ina da ita a jaka. Na gode Allah ya ƙara basira, zan tambaye su da safe.

Ɗan Linux:
Masu Ubuntu kuma a setin na kebul wajen IPv4 akwai Shared to other computers, danna ɗaya ne, yana ɗaukar 10.42.0.1

Baban Khalifa:
Ni fa duk na karanta amma ina da ja. Wannan duk wahala ce, laftof ba a yi ta don ta zama rauta ba. Duk sanda za ka buga gem sai ka kunna na'ura biyu, ta yi awa 4 tana huci a kan caji, batir yana cin wuya, in wani a gida yana son aiki da ita sai a tashi wasa. Ka samu 'yar rauta mai cin sim ko mai karɓar modem na USB ka huta, tana da kafar kebul a baya, wutar da take ci ba ta kai ta laftof ba ko kusa. Na yi irin wannan haɗin wata da watanni kafin na haƙura, kullum da abin da zai kwance.

Ɗan Ƙwallo:
Gaskiya ne Baba, ina da niyya, amma yanzu abin da ke hannu shi ne wannan

Malam Injiniya:
Baban Khalifa ni ma in aka ce in zaɓa wa mutum abin dindindin rauta zan ce. Abin da kawai nake so ya sani kafin ya saya, in sim ɗin nan zai zare ya sa a cikinta NAT ɗinsa 3 zai ci gaba da gani, kar ya saya da wannan niyyar ransa ya ɓaci. Sauƙi zai saya da kwanciyar hankali, su kuma sun isa dalili.

Baban Khalifa:
Wannan haka yake, nawa ma 3 ne har gobe.

Ɗan Ƙwallo:
Jama'a na dawo, abu biyu suka faru. Na farko na tashi da safe data ta ƙare tas, na bar PS a yanayin hutu laftof a kunne ashe gem biyu suka yi afdet cikin dare. Kuma fa na sa modem ɗin a matsayin mai awo a Windows don ta rage cin data. Na biyu na sake saka data na yi ristat ɗin laftof, yanzu PS ta daina samun intanet alhali alamar tana nan ban taɓa ba

Sarkin Hannu:
Subhanallah, sannu. Wancan setin na awo Windows kaɗai yake ja wa birki, PS ba ta san da shi ba, ita kebul ta gani ta ɗauka intanet ne mara iyaka. Shiga setin na PS, System, Automatic Downloads ka cire duk alamomin, sannan a wajen adana wuta ka hana ta zama a intanet in tana hutu. Wasan kansa ba ya cin wani abu, afdet ne mai cin giga goma goma, wani gem ɗin ma saukarsa ta haura giga 100.

Malam Injiniya:
Sannu ƙanina, da na tuna da na faɗa maka tun jiya. Na biyun kuma sananne ne, bayan ristat alamar tana nan amma aikin rabawar bai tashi ba. Mai sauƙi shi ne ka cire alamar ka danna OK ka sake sawa, zai dawo nan take. In kana son ya zauna dindindin akwai gyara a rajista, ka buɗe regedit ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE, Software, Microsoft, Windows, CurrentVersion, SharedAccess, a nan ka ƙirƙiri DWORD mai suna EnableRebootPersistConnection ka ba shi 1, sannan a services.msc ka nemo Internet Connection Sharing ka mayar da tashinsa Automatic. Amma rajista ba wajen lalube bane, harafi ɗaya kar ka canza a wani wuri, in hannunka bai saba ba ka tsaya a cirewa da sawa, daƙiƙa 10 ne.

Ka kuma duba barci. A setin na wuta ka ce in an rufe murfi kar ta yi komai, kar ta yi barci in tana kan caji, sannan a cikin setin na wutar akwai USB selective suspend ka kashe shi don kar ta yanke wa modem wuta ana tsakiyar wasa. In za ka rufe murfin ka ɗora ta a kan abu mai tauri inda iska za ta shiga ta ƙasa, ba katifa ba.

Tsohon Hannu:
Ƙari a kan na Malam, kafin ka fara wasa ka leƙa abin da laftof ɗin take yi a ɓoye. Ita da PS bututu ɗaya suke sha, in tana loda hotuna sama ko tana sauke afdet ɗinta wasanka ne zai biya. Buɗe cmd ka rubuta ping 8.8.8.8 -t ka zuba ido minti 1, lambar da ke gaban time kake kallo, ba ƙanƙantarta kaɗai ba, zamanta wuri ɗaya. Kuma modem ɗin nan kar ka bar shi manne a jikin laftof a ƙasan tebur, sa masa kebul ɗin ƙari na USB ka kai shi bakin taga.

Ɗan Ƙwallo:
Yaya wannan ta taga ta yi aiki wlh. Da yana jikin laftof lambar tana tsalle daga 60 zuwa 300 har da layin da yake cewa lokaci ya ƙare, da na rataye shi a ƙarfen taga na tsayar da lodin hotuna sai ta zauna tsakanin 55 da 70 ba ta motsi sosai. Rajistar ban taɓa ba, cirewa da sawa nake yi. Na buga wasa 3 a jere ba wanda ya tsinke, an ma kira ni a waya ana cikin na biyu ban ko ji a jikin wasan ba. Abin da ya rage hirar murya da abokina, muna shiga fati ɗaya amma ba ma jin juna sai ta rubuta wani abu game da NAT

Malam Injiniya:
Ce masa ya yi gwajin intanet a tasa PS ɗin ya faɗa maka lambar da ya gani. In shima 3 ne to ita ce, kafin ɗayanku ya samu adireshin waje ku yi muryar ta manhajar PlayStation a waya ko kiran WhatsApp, wasan kuma ya bi ta kebul.

Ɗan Ƙwallo:
Toh Malam, shima da sim yake yi, zan sa ya duba in ya dawo daga aiki